Ɗakin Yayana a Gindin Laka

Ko na manta komai na zamana a Dubai, ba zan manta ranar da ƙasa ta motsa muna ofis a unguwar Port Saeed ba.

Lokacin ina aikin kago, wato tura kaya zuwa gida, wajen wani Alhaji ɗan Kano. Yana da hannu a wata mahaƙar zinariya a wata ƙasa daban mai yawan girgizar ƙasa, ya tura yayana can ya zama idonsa. In an wanke zinariya, laka mai guba ce ke saura, sai a tare ta da bango. Da ta cika, su ɗebi ita lakar su ƙara wa bangon tsawo. Yaya ya nuna mini a waya yana dariya. Ɗakin kwanansu shi da ma'aikata kuwa a gindin bangon yake.

Ranar ina zaune kujerata ta yi lilo, muka runtumo titi, wata takalminta a hannu. 'Yar girgiza ce, ko kofi ba ta fasa ba, amma ni bangon nan kawai nake gani. Muna komawa na faɗa wajen Alhaji.

"Alhaji, a ɗauke su Yaya daga gindin lakar nan."

"Ke 'yar nan, shwaiya shwaiya, bi a hankali. Katangar gidanmu ta ƙasa ce, duk shekara yaɓe muke ƙara mata, tun kakana tana tsaye."

"Ƙasar Kano rawa take yi? Ko tafkin guba ne a bayan katangarku?"

"Na yanka rago na yi sadaka. Khalas, magana ta ƙare."

Rago! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na kira Yaya, ya ce na cika azarɓaɓi. Ban tsaya jayayya ba, na kira Umma na zayyana mata komai. Magana ɗaya ta yi masa: "In ka sake kwana a wurin nan, ban yafe maka ba." Kafin la'asar ya haɗa jakarsa.

Alhaji ya kore mu mu biyu, ya soke mini biza, wai na shigar da tsohuwa harkar kasuwanci. Ban yi nadama ba. Abin da ke cina shi ne sauran ma'aikatan da muka bari a ɗakin nan, waɗanda ban san lambar uwar kowannensu ba.

Tun daga nan, duk wanda ya ce mini wuri lafiya lau ne, tambayata ɗaya ce: shi a ina yake kwana?