Ƙusoshi a Bakin Kawu

Kawuna kafinta ne, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya zauna har kujera ta yi ɗumi ba. A tsaye yake cin abinci, yana tafe yake amsa gaisuwa. Bakinsa ma haka. Ka ɗauko magana, shi zai ƙarasa maka ita, yawanci ba inda ka dosa ba. Ba ya shiru sai in ya jera ƙusoshi a leɓe yana buga katako.

Da babban ɗansa, Dogo, ya fara haɗa kaya zai bar shagon da gidan baki ɗaya, ba tare da ya faɗi dalili ba, Kawu ya rasa inda zai sa kansa. Ana cikin haka ya ji a rediyo ana batun zaman kewayayyen tebur. Wai zama ne da ba shugaba, babba da ƙarami kowa yana da baki daidai da na kowa. Bai tsaya jin ƙarshen shirin ba. Ya ture aikin mutane gefe, ya yanko katako ya mai da shi kewayayye, ya kafa masa ƙafafu a gurguje. A karkace aka shigo da shi falo, don ƙofa ta yi masa kaɗan.

"Yau ba uba ba ɗa," in ji shi, bayan ya tara mu. "Kowa ya amayar da abin da ke ransa. Dogo, fara."

"Baba, ni dai abin da..."

"Na sani, tsohon injin nan ne. Ai na ce za a sake shi."

Ya miƙe yana zagaya mu, yana shafa gefen tebur, yana ta bayani, wuyanmu na binsa. Raina ya ɓaci har ga Allah, don na ga Dogo ya soma kallon ƙofa.

Matar Kawu ce ta tare shi. "Malam, ka wahalar da katako a banza. Duk inda ka tsaya, nan ne kan teburin."

Kawu ya tsaya cak. Ya laluba aljihu, ya jera ƙusoshi a leɓe, ya zauna.

Dogo ya daɗe yana magana. Ya ce bai tsani aikin ba. Amma ko kujera ya fara zanawa, kafin ya gama an karɓe fensirin. Ga shi da gemu, har yau bai taɓa kai zance ƙarshe a gaban ubansa ba. Ƙafar Kawu na ta kaɗawa a ƙasa, tebur na girgiza, amma bai tanka ba. Na hango ɗan jini a gefen leɓensa.

"Na gama, Baba."

Kawu bai cire ƙusoshin ba, ko da Dogo na da sauran magana.

Dogo ya dube shi, ya miƙa hannu. "Kawo su nan. Ƙafar teburin nan rawa take yi, bari in ɗauko guduma."