Watandar Hindatu

Hindatu 'yar Gwaggo A'i ce, ƙanwar babana, wato taubashiyata, kuma tun muna yara nake ƙyashinta. Gara in faɗa tun da wuri, kada wani ya ɗauka yabonta na zauna yi. Gari ɗaya aka haife mu, Kwarin Giginya, can gefen Dumega cikin fadama, benci ɗaya kuma muka zauna a lakwal, wato makarantar boko. Ni ce mai kyan rubutu, ni ake tayarwa in yi karatu idan baƙi sun zo, ita kuwa tana ƙurya tana tauna murfin bik ɗin rubutunta kamar akuya. Lissafi kaɗai ta iya. Sai ga shi lissafin ya kai ta jami'a a Yamai, ni kuma kyan rubutu ya dawo da ni lakwal ɗin garinmu, ina fama da 'ya'yan waɗanda muka yi wasan ƙasa tare.

Da ta gama karatu aka ba ta aiki a Dogon Dutsi. Wasu masu jari ne suka kafa kamfanin sayar da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, mai lambu ya ɗauka ya riƙa biya kaɗan-kaɗan in ya cire amfani. Can ƙasar Turawa kuma akwai masu ba da kuɗin bincike, suna son su san ko irin wannan jari yana gyara rayuwar talaka, ko kuwa aljihun mai jarin kawai yake cikawa. Kuɗin binciken nan su aka danƙa wa Hindatu. Ita ke sallamar samarin da ke yawo ƙauye-ƙauye suna tambayar mutane abin da suka noma da abin da suka ci, ita ke zuba wa mota mai, ita ke amsa wayar manyanta na Yamai. Ga biro, wato ofis, mai na'urar sanyi, farar mota da direba. Ranar da na fara ganin motar ta tsaya ƙofar gidan Gwaggo, abincin rana bai shiga cikina ba.

Abin haushin ma, ba ta san daɗin abin da Allah ya ba ta ba. Takalminta ɗaya har ya siɗe. Wayarta ta tsage tun bara ba ta canza ba. In ta zo gari ƙuli-ƙuli take ci da ruwan randa. Na taɓa roƙon ta a rage mini hanya zuwa kasuwar Kore Mairuwa, ta ce motar ba tata ba ce, man da ke ciki na bincike ne. Taubashiyarta fa! Da ni aka ba wannan kujera, wallahi da garin nan ya san an yi arziki.

Amma akwai abu ɗaya da na fi ta, kuma shi nake riƙewa a zuciya duk lokacin da ƙyashin ya taso mini. A garinmu, kowace jajibirin ƙaramar Sallah mata kan haɗa hannu su sayi sa a yi watanda. Mahauci ya yanka, ya kasa naman tsibi-tsibi a kan tabarma, kowace mace ta kawo tsinkenta da ta yi wa alama. Sai a miƙa tsinkayen ga mace ɗaya da aka yarda da ita, wadda ta juya baya lokacin da ake tarawa, ta bi kason nan tana ɗora tsinke a kan kowanne. Inda naki ya sauka nan ne rabonki, ba gardama. Mai ɗorawa ita ba ta kawo tsinke, kason da ya rage shi ne nata. Tun shekarar da na fara koyarwa ni ake miƙa wa tsinkayen nan. "A ba Madam Mardiyya," haka tsohuwa Ajuma, shugabar matan gari, take cewa kowace shekara. Hindatu na da mota, ni kuma ina da yardar matan Kwarin Giginya, kuma a ganina tawa ta fi tsada.

To, ga yadda abin ya faro. Binciken yana buƙatar a raba ƙauyukan fadama gida biyu: rabi kamfani ya fara kai musu inji, rabi su jira har a gama bincike, don a gwada a ga bambanci tsakanin masu inji da marasa shi. Manyanta na Yamai suka ce na'ura za ta zaɓa. Hindatu ta ce a'a, babu maigarin da zai yarda da zaɓin da aka yi a ɗaki a rufe, cewa za a yi ita ta zaɓa. Ta ce a bar ta ta yi yadda muka saba, a gaban kowa, da tsinke. Suka yaba da dabarar ƙwarai, har aka ce za a kwaikwaye ta a wasu ƙasashe. Da labarin ya iso ni na ce, oho, yanzu har watandar tamu ma ita za ta ci sunanta.

Ranar kasuwar Dumega aka tara masu gari a ƙarƙashin wata babbar tsamiya. Na rufe aji na je, don in ga ƙwaƙwaf. An kifa ƙorai a jere a kan tabarma. Ƙarƙashin wasu an sa guntun tiyon ban ruwa, alamar samun inji, wasu kuwa babu komai. Hindatu ta miƙe ta yi bayani da Hausa tsantsa, har sau biyu, cewa wanda tsinkensa ya faɗa kan ƙwarya marar tiyo zai jira. Masu gari suka gyaɗa kai. Ni da ke gefe na san ba su ji ba. Kunnensu ya ji, amma kalmar watanda ta riga ta shige gaba. A duk faɗin Arewa ba a taɓa yin watandar da mutum ya ba da tsinke ya koma gida hannu wofi ba. Wani ya samu tsoka, wani ya samu ƙashi da kitse, amma kowa da kasonsa. Sun ɗauka jiran na kasuwa ɗaya ne ko biyu, ko kuma injin nasu zai ɗan fi ƙanƙanta.

Aka tare wani Bafillace mai wucewa da shanunsa, aka ba shi tsinkayen ya ɗora. Maigarinmu Manu ya je ya ɗaga ƙwaryar da namu ya sauka a kai. Babu komai. Ya leƙa cikin ƙwaryar, ya shafa tabarmar da tafin hannu, sannan ya ɗago ya dubi Hindatu.

"Ɗiyata, ina namu?"

"Baba Maigari, ai na hwaɗi. Ku kuna cikin masu jira."

"Jira har yaushe?"

"Sai an ƙare bincike. Rani biyu, ko uku."

Ya ajiye ƙwaryar a hankali. "Wagga ba watanda ba ce," in ji shi. Ya kaɗe rigarsa ya tafi bai yi wa kowa sallama ba. Maƙwabtanmu na Angwal Doka, da iyakarmu da su ba ta wuce jifa ba, su tiyo suka samu.

Kafin sanyi ya shiga sosai, lambunan Angwal Doka sun yi kore shar. Kabeji kamar kan mutum, albasa, salati, ruwa na gudu cikin kwari ba mai jan guga. Mu kuwa muna nan da igiya da wasaki, tafin hannu duk kanta. Garin gaba ɗaya ya kamu da ciwon da na daɗe ina fama da shi. Mazanmu suka daina bi ta hanyar Angwal Doka zuwa kasuwa, wai don kada su gani. Ni kaina da na ga wata matar Angwal Doka da muka yi lakwal tare ta sayi keken ɗinki da kuɗin kabeji, sai da na yi kwana biyu ina ciwon kai.

Laifin duk a kan Hindatu aka ɗora shi. Wai 'yar gari na riƙe da wuƙa da nama, ta bar uwarta na jan guga. Mata suka daina leƙa ta in ta zo. A wajen suna aka daina matsa mata a tabarma. Ni kuwa raina fari ƙal, ba zan ɓoye ba. Na same ta wata rana zaune a gindin rijiyar Gwaggo, tana kallon tsohuwar na ɗaga guga da ƙyar.

Na ce, "Hajiyar biro, ko a ara maki guga ki taya ta? Ko shi ma sai an tambayo Yamai?"

Ta ce, "Mardiyya, bakinki bai gajiya?"

"Mi za shi gajiyar da shi? Ni ban riƙe kuɗɗin Turawa ba."

Ta tashi ta karɓi igiyar daga hannun uwarta, ta yi ta ja har la'asar, da takalmin nan nata siɗaɗɗe. Ko a nan sai da ta ba ni haushi, don mutum in ana tsokanarsa ya kamata ya tanka.

Abin da babu wanda ya lissafa da shi, har ita mai lissafin, shi ne kunyar mutanen Angwal Doka. A wurinmu, wanda ya ɗauko kason nama ba ya ci ya bar maƙwabcin da bai samu shiga ba, sai ya yanko ya aika masa. Ga surukai, ga 'yan'uwa, ga kaburburan kakanni wuri ɗaya. Sai suka fara ɗora injin da faifan hasken ranar a amalanken jaki suna kawo wa nasu aro, yau wannan lambu gobe wancan. Ba a ɓoye suke yi ba, don a ganinsu ba laifi ba ne. Kafin rani ya raba, rabin lambunan Kwarin Giginya sun farfaɗo, har da na Gwaggo A'i.

Ina wurin ranar da Hindatu ta iso da samarin tambayarta, ta tarar da inji na zuba ruwa a albasar uwarta. Ta tsaya cak. Ta san abin da hakan ke nufi: in masu jira sun sha ruwan inji, ba sauran abin gwadawa, kuɗin da aka kashe a binciken sun bi ruwa.

Gwaggo ta ce, "Ɗiyag ga, ki yi kamar ba ki gani ba. Su Turawan nan gani su kai daga can?"

Ɗaya daga cikin samarin ma ya ce, "Madam, in mun yi shiru ba mai sani."

Ta dubi ruwan yana bin kwari. Sannan ta ce, "Inna, ku ci gaba da ban ruwanku, ba ni hana ku. Amma ba ni cewa ban gani ba." Ta koma gindin wata giginya ta ciro tsagaggiyar wayarta ta kira Yamai, a gabanmu, ta faɗa musu komai.

Waɗanda suka yaba da dabarar tsinke su ne suka fara cewa dabarar ce ta ɓata aikin. Masu ba da kuɗi suka rufe ɓangaren binciken na wajenmu, suka mayar da shi wata jiha. Biron Dogon Dutsi aka sa masa kwaɗo, aikin Hindatu ya ƙare. Sai dai da binciken ya tashi, ba sauran dalilin hana kowa, kamfani kuwa ciniki yake nema. Ba a jima ba motarsu ta shigo Kwarin Giginya da injuna, duk mai so ya ɗauka.

A kan kabu-kabu ta dawo gari, da akwati ɗaya ɗaure a baya. Na ɗaura zanena mafi tsada na je yi mata jaje. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ce amin, ta miƙo mini ƙuli-ƙuli. Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Shekara da shekaru ina jiran ranar da za mu tsaya kafaɗa ɗaya, ga ta ta zo, har ma na ɗan fi ta, don ni ina da albashi.

Azumi ya zo ya wuce. Ranar jajibiri da hantsi aka kayar da sa a ƙofar gidan tsohuwa Ajuma, mahauci ya kasa nama a tabarma. Na wanke hannuna, na gyara ɗankwali, na je na juya baya inda na saba tsayawa. Ina jin mata na miƙa tsinkayensu ana dariya. Na ji takun tsohuwar ya nufo ni, na buɗe tafin hannu ta baya.

Takun ya wuce ni.

"A ba Hindatu," in ji Ajuma. "Wadda ba ta zaɓi uwatta ba, ba ta zaɓen kowa."

Mata suka ce haka ne, wallahi haka ne. Har da waɗanda suka ƙi matsa mata a tabarma. Hindatu da ke can gefe tana fuskantar bango tana wa Gwaggo tsintar shinkafa ta ce a'a, wannan aikin Mardiyya ne. Ba wadda ta saurare ta, aka danƙa mata tsinkayen a hannu.

Na juyo. Ba wadda ke kallona ma, balle in nuna ban damu ba. Tsohuwa Ajuma ce kaɗai ta tuna da ni, ta ce, "Madam, ke ina naki? Yi maza, ke muke jira. Hindatu, juya baya."

Rabona da kawo tsinke tun ina budurwa. Na duƙa da zanen Sallata a cikin ƙasa da jinin sa, ina lalube a gindin darni, ina neman tsinke kamar kowa.