Kifin da aka ajiye wa jego

A garin Tawa na tashi, cikin Adar, ƙasar duwatsu da rijiyoyi masu zurfi, kuma har na yi nisa a lekkol, makarantar boko, ban taɓa ganin kifi da ransa ba. A littafin karatu na san shi, fari mai sheƙi, mushe, malaminmu, yana nuna shi da sanda muna maimaita sunansa da Faransanci. Wanda fatake ke kawowa kasuwa daga kudu baƙi ne, a naɗe, kuma ba irin gidanmu ke cinsa ba.

Shekarar da nake magana a kai, lokacin yaƙin Turawa ne. Damina ba ta yi kyau ba, ɗan geron da aka samu kuma an ɗebi na rumbun kumandan, Baturen mulki, a ciki. Awakinmu suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama girbi Baba ya kora jakinsa ya tafi cin rani wajen Sakkwato, ya bar Inna da ƙaramin ciki. Kafin wannan cikin ta haifi biyu a bayan ƙanwata, ba wanda ya kai yaye. Nono ne ba ya zuwa mata sosai. Kowa a gidan ya san abin da ake tsoro, amma ba mai faɗa.

Da bazara Baba ya dawo, ya rame, ya yi baƙi. A bakin gulbi ya zauna, yana saro wa masunta itacen banda, da zai taho suka sallame shi da kifi. Ya kwance tabarmar da ya ƙunso shi a tsakar gida, sai ga tarwaɗa manya-manya, kowace an lanƙwasa ta an soke da tsinke, suna naso da mai. Ƙamshin ya cika gidan. Ƙanwata ta miƙa hannu, Kaka, mahaifiyar Baba, ta buge shi.

"Wannan na mai jego ne," in ji ta. "Ba akuya, ba rago. Da shi za ta yi nono."

Baba ya durƙusa gefenta. "Iya, masu kifin sun ce a rataye shi bisa murhu, hayaƙi ya riƙa dukansa. In an kwana biyu a sauke, a shanya, a kakkaɓe."

"A rataye? A gidan nan? Inda duk mai zuwa ɗiban wuta za ta ɗaga kai ta gani? To wa za ka hana, ƙanwarka ko matar liman? Kafin Juma'a ko ƙaya ba za ta rage ba."

Gaskiyarta ce. A unguwarmu abin da ido ya gani ba a hana shi, balle a shekara irin wannan.

"Sun ce yana son iska, Iya."

"Su suna da gulbi a ƙofar ɗaki, mi suka sani game da ajiya? Tun kana yawo ba wando nake rufe irin wake da toka, wane ƙwaro ya taɓa ci mini?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Iya."

Ran nan ta yarda aka dafa guda biyu a miyar kuka, don a ɗanɗana. Na ga Inna ta koma bayan turmi da nata rabon, ta ci a hankali, ta tsotse ƙayar har ta yi fari. Sauran kuwa Kaka ta jera su cikin randa, tana barbaɗa toka tsakani, ta kife kasko a baki, ta shafe da laka da kashin shanu, kamar yadda ake yi wa duk abin da ake so ya kai baɗi a Adar. Aka tura randar bayan gadonta.

Daga nan kwanaki suka yi tsawo. Gero ya koma na kunu kawai, muka shiga cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa. Cikin Inna yana girma, wuyanta yana sirancewa. Ƙafafunta suka kumbura, in ta danna yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. In tana daka takan jingina da taɓarya ta rufe ido.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tana kunyata. Ba ta kama sunana, ba ta duban fuskata, in tana son in ɗebo ruwa sai ta gaya wa ƙanwata alhali ina tsaye. Wata rana bayan azahar ina zaune a inuwar katanga ina bitar karatu, tana tsintar ganyen tafasa, ta ba ni baya. Ba kowa a wurin sai kaji.

"Da akwai mai faɗa a wurin tsohuwa," ta ce, kamar da kajin take, "da ya ce mata wani yana marmarin romo. Ko kan kifi ɗaya ne."

Ban taɓa jin ta roƙi kome ba. Ni kuma ko a aji in mushe ya kira ni sai muryata ta maƙale. Amma tsakanin jika da kaka akwai wasa, kuma ta wannan ƙofar kaɗai ake iya shiga wurin tsohuwar. Na kwana ina shirya maganar. Da safe na same ta tana kaɗi a bakin ɗakinta.

"Amarya, maigidanki na jin yunwa."

"Wane maigida? Wanda ko hauya bai iya riƙo ba, sai alkalamin Nasara? Tafi takardunka su yi maka tuwo."

"A fasa randar nan a ba ni kai ɗaya, in ba haka ba yau ki kwana gidanku."

"Ka ga marar kunya! Da me ka aure ni, da tawada?"

Ta yi dariya, ni ma na yi. Sai ta tsai da mazarin, ta dube ni.

"Ba kai ke so ba. Na san mai so." Ta murza zaren da yatsa. "In na fasa yau iska ta shiga, ƙwaro ya bi ta. Wanda ya ci yau kuma gobe zai nema. Ranar da jinjiri zai kama nono ya tarar ba kome, mi zan ba ta? Biyu na wanke da hannun nan na miƙa wa ubanka. Ba ni wanke na uku. A ce mata ta yi haƙuri, duka nata ne."

Na koma na gaya wa ƙanwata, da ƙarfi, inda Inna za ta ji. Inna ta ce, "To," ta ci gaba da bakace.

Bayan noman farko ta haihu, mace, 'yar ƙarama, mai yawan gashi. Washegari da hantsi Kaka ta sa ni da Baba muka ciccibo randar zuwa tsakar gida. Tun a hannu na ji ba ta da nauyin da na zata. Kaka ta yi bisimilla ta doki lakar da bakin wuƙa, ta ɗaga kaskon.

Warin da ya fito ba na kifi ba ne, irin na ɗakin da ruwa ya ci ne. Na sama sun yi hunhuna, kore da fari. Ta ɗauki ɗaya, yana nan a lanƙwashe da tsinkensa kamar ranar da aka sa shi, amma da ta matsa sai ya rushe, fata ce kawai da ƙaya. Ƙananan ƙwari baƙaƙe suka watsu bisa hannunta, da tsutsotsi masu gashi. Ta tura hannu har gwiwa, ta ɗebo, gari ne ya haɗu da toka. Ta sake turawa. Kaji suka taru suna tsattsaga a gindin randar, ba wanda ya kore su.

Baba ya ce, "Allah bai nufa ba, Iya." Ya ɗauki hauyarsa ya fita.

Kaka ta juye randar bisa tabarma, ta zauna a rana da faifai tana tsinta. Ta ware kawunan da ƙashin baya, ta wanke su ruwa bayan ruwa, ta dafa da barkono da kanwa. Ita da kanta ta kai ɗakin jego. Ina bakin ƙofa na ji Inna ta kurɓa ta ce, "Ya yi daɗi, Iya. Allah ya saka." Ta shanye duka. Da tsohuwar ta fita, sai Inna ta rarrafa bayan ɗaki ta amayar, tana toshe baki kada a ji.

Daga baya, da aiki ya kai ni bakin gulbi, na ga yadda matan can ke mai da kifi kan wuta a kai a kai, suna kakkaɓe shi, ba su yarda ya kwana a rufe. Ƙwan ƙwarin tun a hanya yake shiga, tarwaɗa mai kitse kuma ba ta bushewa har ciki kamar wake. Ko da kifin ya tsira zai isa ya kawo nonon? Ban sani ba, kuma ba wanda ya taɓa yin wannan tambayar a gidanmu.

An yi suna ba yanka. Aka yi ta ba Inna kunun kanwa da jiƙe-jiƙe, nonon yana zuwa kaɗan kamar ruwa. Baba ya bi gidaje neman madarar akuya, amma dabbobin gari sun bi makiyaya arewa tun farkon damina, abin da yake samowa bai cika ludayi ba. Jinjirar tana kuka da ƙarfi a makon farko. Daga nan kukan ya sirance, sai ka kasa kunne kafin ka ji. Kaka takan ɗauke ta ta yi ta zagaya tsakar gida, tana ɗiga mata ruwa da auduga.

Gero yana fitar da kai, bai kai ga tumu ba, jinjirar ta rasu da safe. Kaka ce ta wanke ta. Baba ya ɗauke ta a hannu cikin ɗan ƙyalle, ni da liman da maƙwabta kaɗan muna biye. An yi ruwa da daddare, ƙasa ta yi laushi, haƙan bai ɗauki lokaci ba. Da muka dawo Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, ta ɗaure ƙirjinta da zane. Bayan la'asar Baba ya ce in ɗauko hauya, ciyawa ta kama gonar gabas, muka tafi.