Akuyar Kaka da Kofin Mama

Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, ta iya tatsuniya kuma ta iya mugunta, ban taɓa ganin wanda ya haɗa biyun nan kamarta ba. Sunanta aka sa mini, don haka ni ce 'yar lelenta a gidanmu na unguwar Briqueterie. Da an sallame magariba sai ta jawo murhun gawayi baranda, mu jikoki mu kewaye ta, ruwan sama na dukan kwano, jan taɓo na malala a lungu. Ba ta fara labari sai ta tabbatar wanda take nufi da shi yana kusa yana ji.

Shekarun matsi da ake kira kiris ne, lokacin da komai ya tsaya cik a ƙasar. Babanmu mai suya ne a bakin titi. Ma'aikatan da kan gangaro daga unguwar Tsinga su ci tsire da yamma aka zaftare musu albashi, sai suka koma wucewa suna shaƙar hayaƙi kawai. Naman da Baba kan shigo da shi gida ya koma ƙashi, daga baya ƙashin ma ya ɗauke. Kaka kuwa 'yar mahauta ce daga Najeriya, ta auri mahauci, ta haifi mai nama. A wurinta miyar da ba nama ruwan zafi ce aka yi wa kwalliya.

A cikin shekarun nan ne Mama take da ciki. Ina da shekara tara, amma na ga yadda tafin hannunta ya yi fari fat, in ta sunkuya wanki sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Ta je lopital, wato asibiti, nas ta ja mata fatar ido ta duba, ta ce, "Madam, jininki ya yi ƙasa. Tunda ba nama, ki riƙe ganye da kyau. Kuma ku daina zubar da koren ruwan da kuka dafa shi, rabin amfanin a kwata kuke barinsa."

Nan ne rigimar ta taso, domin ganye a gidanmu yana da doka. Sai an tafasa shi da kanwa har ya yi duhu ya mutu, a matse shi tas, a watsar da ruwan, sannan ya cancanci shiga tukunyar Kaka. Mama ta karya wannan doka. Ta samu wata mata a Elig-Edzoa mai lambu a bakin rafi, tana ba ta zogale da alayyafo. Kullum da safe sai ta wanke, ta daka ɗanye a turmi, ta tace a wani kofin silba, ta runtse ido ta shanye. Bayan 'yan makonni har ta fara ɗauko ruwa daga famfo ba ta huta a hanya ba.

Kaka ba ta faɗa baki da baki, wai wannan aikin ƙananan mutane ne. Ta jira yamma, ta ga Mama ta zauna a ƙofar ɗakinta tana tsinkar ganyen gobe, sai ta gyara gawayi ta ce, "To, ku matso, ga wata nan ta taho da ƙafafunta."

Muka ce, "Ta iso mu ji, Kaka."

Wai an yi wani mahauci, mutumin kirki, ya auro mata daga wata ƙasa. Matar nan ba ta son cimar gidan. Da asuba sai ta zagaya bayan danga ta dinga cusa ɗanyen ganye a baki. Kwana bakwai harshenta ya zama kore. Wasu bakwai muryarta ta sirance, in ta gai da surukarta sai a ji kamar ana kuka a garke. Kaka ta kwaikwayi gaisuwar tana karkaɗa haɓa, muka yi ta birgima don dariya. Daga nan ƙaho ya tsiro mata a ƙarƙashin ɗankwali. Ashe ciki gare ta, ranar haihuwa ungozoma ta miƙa hannu ta jawo ɗa mai kofato huɗu. Miji ya dawo daga kasuwa ba nama, ya leƙa ɗaki ya ga akuya da ɗanta a kan gadonsa.

"Sai ya yi me, Kaka?"

Ta ɗaga murya yadda za ta kai ƙofar ɗakin. "Me mahauci zai yi da akuya? Ya wasa wuƙa mana. Nan ta ƙare, wanda ya tsargu shi ya sani."

Mama ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da tsinkar ganyenta har ta gama, ta ce, "Sai da safe, Inna," ta shige ɗaki.

Washegari ina shirin tafiya lekol, wato makaranta, na gan ta tsaye a bakin turmi, kofin yana hannunta. Kaka tana baranda tana jan carbi, ni kuma ina son ta ga na fahimci tatsuniya. Na laɓaɓa bayan Mama, na sa yatsu biyu a ka, na ce, "Meee!" Kaka ta tuntsire da dariya har carbin ya faɗi.

Mama ta juyo ta dube ni. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga hannu ba, da ma ta mare ni. Ta taka zuwa kwata ta tuttular da ruwan, ta ɗauraye kofin ta kife. Daga ranar ba ta sake daka ganye ba, ta koma cin wanda aka kashe da kanwa kamar kowa.

Wata biyu bayan haka ta yanke jiki ta faɗi a layin famfo. Aka sa ta a taksi sai lopital. Sai da aka ƙara mata jini kafin ta farfaɗo, ɗan kuma ya zo kafin lokacinsa, namiji, kwana ɗaya ya yi a duniya. Kaka ta zauna a tabarma tana karɓar gaisuwa, tana gaya wa mata cewa matar ɗan nata dama ba ta da ƙwari. Ko sati ba a yi ba ta sake hura gawayinta, kuma na je na zauna, don ban san akwai abin da zan ƙi ba.

Yanzu in na shiga manyan kantuna nakan ga koren ruwan nan a kwalba, an rubuta masa kilorofil, matan manya suna rububinsa. Raina ɓaci yake yi duk lokacin da na gani. Na tambayi likitoci fiye da ɗaya, ba wanda ya ce mini kofin ganye zai hana abin da ya faru, ba kuma wanda ya ce ba zai taimaka ba. Kaka ta rasu ana yabon bakinta, ni kuwa har yau ina yi mata addu'a ne da ƙyar. Ita ta koya mini cewa ana iya yanka mutum a gaban yara, yaran suna tafi.

Sai da na yi aure na haihu sannan na iya tayar da maganar. Muna zaune da Mama, na ce, "Mama, tatsuniyar nan ta akuya ce ta sa kika daina shan ganyen, ko?"

Ta dubi jaririyar da ke cinyata, ta amsa.

"Tatsuniya? Ai surukata ce, na saba da bakinta, da zan sha abina har in haihu. Ke ce ban iya jurewa ba. Ke ni na haife ki."