Hancin Injiniya

Shagona na ɗab'i yana Ƙaura Namoda, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Manyan ledojin talla muke bugawa, na 'yan kasuwa da makarantu da masu walima. Wanda ke riƙe da injin wani dattijo ne mutumin Binuwai, Kirista, wanda ya zo garin tun yana saurayi har Hausarsa ta koma ta Zamfarawa. Injiniya muke ce masa, shi kuma yana ce mini Malam.

Tawadar da muke aiki da ita a lokacin mai sinadari ce, warinta kamar an haɗa fetur da fenti. Ni a gaban shago nake zama wurin kwamfuta, iska tana ratsa ni. Shi kuwa yana ɗakin ciki daga safe zuwa la'asar, ƙofa a rufe don kada ƙura ta faɗa kan aiki. Yakan yi tari, yakan ɗaure kai da hankici, ni kuma na ɗauka gajiya ce.

Wata rana ya ɗora wake a risho a bayan shago ya koma kan aiki. Waken ya ƙone har mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo yana tambayar ko gobara ce. Na same shi tsaye, taku uku tsakaninsa da tukunyar, yana gyara leda hankali kwance.

"Injiniya, ba ka jin ƙauri?"

Ya dube ni, ya dubi hayaƙin, ya yi 'yar dariyar kunya. "Malam, ai hancin nan ya daɗe da yin ritaya. Ko miyar uwargida sai dai in gani da ido."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Ban so in hwaɗi ba, kada ka ce na tsuhwa."

Na kai shi asibiti da kaina. Likita bai yanke cewa tawadar ce kaɗai ba, amma da ya ji irin ɗakin da yake wuni a ciki sai ya ce ko dai a sauya masa iskar da yake shaƙa, ko ya sauya sana'a. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni ma na san warin nan. Kullum na koma gida sai an ce in cire riga kafin in ɗauki jaririyarmu. Na san in kare 'yata daga rigar da ta ɗan ratsa ɗakin, ban taɓa tunanin mutumin da ke zaune a cikinsa ba.

Wani abokin sana'a a Kano ya nuna mini injin da ake kira lateks. Tawadarsa ruwa ne tushenta, zafi ke busar da ita tun a cikin injin, aiki ya fito a bushe, ba sai an shanya shi ya sha iska ba. Na kusantar da hanci har ina taɓa ledar, ban ji wani abin kirki ba. Amma ya gaya mini gaskiya: injin yana cin wuta, kuma ɗaki yana ɗaukar zafi. Sai da na rabu da filin da na gada a hanyar Ɗan Isa, na sayi irin injin, wanda aka taɓa aiki da shi, da janareto babba.

Wanda ya fi kowa ƙin sabon injin shi ne Injiniya. Tsohon injin ya san shi da kunne, daga ƙara yake gane inda ya toshe. Wannan kuwa sai danne-danne a allo. Ya yi mako biyu yana ɓata leda yana ƙunƙuni, yana cewa na kawo masa murhu. Muka fasa bango muka sa taga da fanka. A hankali hannunsa ya faɗa.

Masu kawo aiki ma sai da suka yi tababa. Wani mai shagon magani daga Zurmi ya karɓi allonsa, ya sunsuna, ya ɓata fuska.

"Wanga ko na ƙwarai ne? Ban ji warin sabo ba. Kada damina guda ta wanke mini shi."

Injiniya ya ɗauko buta ya kwarara wa ledar ruwa, ya goge da tafin hannu, ya nuna masa hannun fes. Mutumin ya naɗe kayansa ya ɗaure a babur.

Tarin ya ragu, hankicin ma ya daina hawa kai. Hancin dai bai dawo duka ba. Ya ce wani lokaci idan hadari ya taso daga gabas yakan ji kamar ƙanshin ƙasa, amma ba ya rantsuwa, ko tunawa ce kawai yake yi. Na taɓa neman ya yafe mini jinkirin da na yi. Ya ce shi ma ai da bakinsa ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko aikin makarantar nan ta Shinkafi mita nawa suka ce.