Takardar da Aka Sha

Idan aka gama yankan gero aka kai amfani rumbu, sanyi ya fara shigowa, a nan ne hirar Dada take daɗi. Gidanmu a Gagarawa yake, ba nisa da tasha, har kukan jirgin Nguru muna ji daga tsakar gida. Da an idar da sallar isha'i sai mu kwaso kara mu hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu binne gyaɗa a toka, mu jeru muna ture juna. Ni a lokacin ko ɗaurin ɗankwali ban iya ba, amma bakina ya riga ya girme ni. Dada ba ta kirana da sunana, sai dai Uwar Tambaya, kuma ban ga laifinta ba.

Dada kakata ce, mahaifiyar babanmu. Bafulatana ce daga wata ruga a yankin Sule Tankarkar. Aure ya kawo ta cikin Hausawa, ta haihu ta tsufa a nan, amma kunyar gidansu ba ta sake ta ba. 'Yarta ta fari, Gwaggo Hansatu, gida ɗaya muke da ita, amma ban taɓa jin Dada ta ambaci sunanta ba, ban kuma taɓa ganin sun zauna suna magana ido da ido ba. In tana son gaya mata abu sai ta fuskanci bango ta ce wance ta zo ta ɗauke ƙwaryarta. Mu yara dariya abin yake ba mu, har kwaikwayonta muke yi a bayan ɗaki.

Gwaggo fura take sayarwa a tasha, kuma jirgi bai taɓa tsayawa bai tarar da ita a wurin ba, ko da zazzaɓi take yi. An ce ta taɓa yin aure a Gumel, ba ta rufa shekara ba ta dawo, ba kuwa wanda ya ƙara tayar da zancen. Idan muna hira sai ta zauna can gefe, ta ba wutar rabin baya, tana cura furar gobe. Ba ta sa mana baki, mu ma mun saba da ita kamar yadda muka saba da turmin gidan.

Dada tana da yadda take buɗe tatsuniyarta. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa, ku matsa mata." Mu kuma mu amsa, "Mun matsa, ta zauna." Yawanci labarin kura ne da dila, ko aljanun rijiya. Amma akwai guda ɗaya da ba dabba a cikinta, ba aljani, ba kuma waƙa. Ba kullum take yin ta ba, kuma ba mu cika son ta ba, don ba a dariya a cikinta.

Wai a wani gari akwai 'yar malami, ita ce ta fari a ɗakinsu. Tana da saurayi, manomin gyaɗa, dogo mai wushirya. An riga an kai gaisuwar iyaye, ana jiran kaka a ɗaura aure, sai yaƙin Turawa ya yi tsanani aka ce kowane gari ya ba da samari. Yana cikin waɗanda aka ɗauka. Aka sa su a jirgin ƙasa, daga nan jirgin ruwa, har wata ƙasa da ake ce wa Barma, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, daji kuma ko rana ba ta ratsa shi.

Saurayin ya yi karatun allo, ya iya rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci. Da takardarsa ta farko ta iso, hannun uban yarinyar aka kai ta, don shi ke karanta wa garin takardu. Ya warware ta a zaure, maza sun cika. Ya karanta gaisuwa ga dattawa, ya karanta gaisuwa ga uwar yaron, sai ya ji bakinsa yana cewa a gaya wa yarinyar nan in ya rufe ido ita yake gani tana dama fura, kuma tun da ya bar gida bai ƙoshi ba. Malam ya yi tari ya ninke takarda, amma zaure ya riga ya ji. Kafin gari ya waye zancen ya kai bakin rijiya. Duk inda ta gifta sai a ce, mai fura, soja bai ƙoshi ba. Ta yi kwanaki ba ta leƙa waje ba, ubanta kuwa ko inuwarsa ta hango sai ta shige ɗaki.

Saboda haka ta samu tsohon da ke kawo takardu daga tasha, ta roƙe shi duk wadda ta zo daga wurin sojan ya ba ta a hannunta. Ya yarda. To ga takarda a hannu, wa zai karanta? Ita surorin salla kawai ta haddace, ba ta kai ga haɗa baƙi ba. Ubanta ba ya cikin lissafi. Duk wani mai karatu a garin kuma ɗalibin ubanta ne. A nan Dada takan ɗauki kara ta tona wuta ta ce, "Uwar tana nan, tana ganin komai. Amma 'yar fari ce. Uwar ba ta da bakin tambaya, 'yar ba ta da bakin faɗa."

Aikin yarinyar ne a gida wanke allo. In ubanta ya yi wa marar lafiya rubutu, ita ke wanke shi a ƙoƙo a kai masa ya sha. Tun tana ƙarama ta ga rubutu yana shiga ciki yana yin aiki. Sai ta ce a ranta, in dai haka ne, maganarsa ma za ta san hanya. Ta shiga ɗaki ta shimfiɗa takardar a ƙoƙo, ta zuba ruwa, tawada ta narke, ta yi bisimilla ta shanye. Ranar kuwa ta yi mafarkinsa, yana zaune a bakin gona yana yi mata dariya.

Haka ta dinga yi. Kowace takarda ta zo sai ta wanke ta sha, sai ta ji a jikinta ta san abin da ya ce. Wata ta ji yana kewar gida, wata ta ji ƙafarsa ce ke ciwo. Amsa kuwa wani baƙon malamin tasha ne yake rubuta mata da boko, shi ba ya karanta rubutun allo, ba kuma ɗan gari ba ne balle ya yaɗa. Takan tsaya kanta a sunkuye ta ce a gaya masa an yi ruwa, gyaɗa ta yi kyau, akuyar uwarsa ta haihu. Abin da ba ta iya faɗa ba sai ta zuba masa garin lalle kaɗan a cikin ambulan. Takardu suka yi ta zuwa, tana sha tana amsawa, damina bayan damina.

Sai wata rana aka kawo wata daban. Rubutun na boko ne, tawadar shuɗiya, hannun ba nasa ba. Wannan kam malamin tasha zai iya karanta mata. Ta ɗauka ta tafi har ƙofarsa, ta tarar da mazan garin zaune suna jiran jirgi. Ta tuna zaure, ta tuna bakin rijiya. Ta juyo. Ta ce wa kanta wataƙila hannunsa ne ya yi ciwo ya sa aka rubuta masa, ai ta saba jin maganarsa ba da kunne ba. Ta zuba ruwa, tawadar ta ƙi fita. Ta bar ta ta jiƙu har takardar ta dame kamar kunu, ta shanye. Ranar ba ta yi mafarkin komai ba. Daga ita kuma wata ba ta sake zuwa ba.

Yaƙi ya ƙare, sojoji suka dawo da akwatuna da manyan takalma, ba shi a ciki. Wani mutumin Maigatari ya ce ya baro shi a asibiti zazzaɓi ya ci ƙarfinsa. Wani na Gumel ya ce ya ga mai kama da shi a bakin ruwa a Ikko. Aka je aka tambaya a inda ake tambaya, aka ce masu irin sunansa da yawa ne. Sai wani ya ce ai abokinsa na kusa, wani mutumin gabas da ba wanda ya san garinsu, ya rantse ya rubuto gida ya faɗi komai. Tsohon tasha ya ce lalle ya kawo takarda, ya kuma faɗi hannun da ya ba.

Uwar sojan ta yafa mayafi ta zo gidan malam, ta ce a ba ta takardar ɗanta. Yarinya ta durƙusa ta ce ta sha. Matar ba ta zage ta ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ta ta ce, "To 'yar nan, me cikinki ya gaya miki? In yi masa sadaka, ko in ajiye masa tuwo?" Matar ta mutu ba ta yi sadakar ba.

A nan Dada take tsayawa ta ce, "Tawa ta ƙare a nan, ba ta da wutsiya." Mu yi ta ƙorafi, don tatsuniyar kirki ai ko dai a yi aure ko a kashe kura. Wani dare kuwa haushi ya kama ni, na ce ni ban yarda ba, sai ta gaya mana abin da takardar ƙarshen ta ce. Ta ce ba ta sani ba. Na ce ai ita ce mai tatsuniyar, in ba ta sani ba wa zai sani? Na ƙara da cewa wannan yarinya ma wawuya ce, ina ma laifin ta adana takardar maimakon ta sha.

Sai muka ji murya daga gefe. Gwaggo ce, ba ta juyo ba, hannunta yana cikin garin fura.

"Ɗaci gare ta," in ji ta. "Sauran duk ba su da ɗaci."

Duk muka juya muna kallonta. Gyaɗarmu ta ƙone a toka muna jin ƙaurinta. Dada ta fuskanci bango yadda ta saba, ta ce, "A gaya wa wance uwar ma wawuya ce. Da ta tambaya." Gwaggo ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki. Ni kuwa ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba, kuma Dada ba ta sake yin wannan tatsuniya ba har ta bar duniya.

Bayan 'yan shekaru aka sa ni makarantar boko a Gumel, abin da ba kasafai ake yi wa 'ya mace ba a lokacin. Na dawo hutu ina ta burga, ina karanta rubutun jikin buhu da na gwangwanin kananzir. Wata ranar da hantsi Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta saki labule. Ta kwance wani tsumma ta fito da ambulan, ya yi ja, gefensa ya lauye, da kan sarki a kusurwa. Ba komai a cikinsa. Shi kaɗai ta ajiye.

"Ke da kika iya, karanta min."

Na duba gaba, na duba baya, na ɗaga shi a hasken ƙofa ko tawadar ciki ta yi zane a jikinsa. Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so, amma ban san wace ƙaryar ce za ta fi yi mata sauƙi ba. Na ce sunanta ne kawai, da sunan Malam kakanmu, da Gagarawa.

"Ba wani abu a ƙasa?"

Na ce babu.

"To sake karantawa."

Na sake. Ta gyaɗa kai, ta mayar da shi cikin tsumma, ta ce in tashi ta ji kamar jirgi ya kusa.

Da ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada a ɓoye wa manya abu. Sai da na haifi 'yata ta fari, aka ce in kawar da kai in daina kiran sunanta, sannan na gane ba mu Dada take yi wa hira ba. Mu bango ne kawai. Shekara da shekaru tana neman hanyar da za ta ce da 'yarta ta gani, ta sani, ta kuma yi shiru lokacin da bai kamata ba, ba ta sami wata hanya ba sai bakin wuta da taron jikoki. Ban ga abin da hakan ya gyara ba. Mutumin bai dawo ba, ba a san kabarinsa ba, ba a yi masa sadaka ba. Ni dai na kira 'yata da sunanta, aka yi ta zagina a gari, na toshe kunne.

Na karanta wa mata takardu da yawa a rayuwata, na mazajensu da ke Kano da Kurmi, a cikin ɗaki, labule a sake, ba mai ji sai mu biyu. Duk wadda na warware sai na tuna wadda na zo a makare ban karanta ba. Har yau in na ji ƙaurin gyaɗa a toka raina ɓaci yake yi.

Gwaggo ta tsufa a tasha. Idonta ya yi rauni, hannunta ya daina iya curin fura, sai ta riƙa zuwa haka nan ta zauna a kan dakali, tana bin dogayen maza da kallo in suna saukowa. Daga baya jirgin ya yi ta jinkiri, ya koma sai an ga dama, har ciyawa ta rufe layin dogo. Jirgin ya daina zuwa, ita ba ta daina ba.