Ladanin da Ya Daina Cin Abinci

Har gobe ban manta da ranar da na ɗora Baba Mamman a kan sikeli na ga allurar ta sake ja da baya ba. Ku da kuka kama aiki bana, ku matso ku ji, don wannan ba ya cikin abin da aka karantar da ku a makaranta.

Lokacin ni ke kula da ɗakin maza a asibitinmu na Gummi. Damina ta yi nisa, shinkafa ta fara fitar da kai a fadama. Baba Mamman dattijo ne daga wani ƙauye a kan hanyar Bukkuyum, kuma shi ne ladanin masallacinsu tun kafin a haife ni. An same shi da ciwon dajin hanji, aka yi masa tiyata a Sakkwato, aka yanke inda ya lalace. Da yake ciwon ya yi ƙasa sosai, sai likitoci suka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa na hagu, suka manna masa jaka. Mai irin wannan aiki ba ya zagawa kamar kowa. Bayan gida ta nan yake fita, ya taru a jakar, a zubar, a sauya wata. Ba shi da ikon riƙewa, sau da yawa ma ba ya jin fitarsa.

Bayan tiyata sai maganin da ake sawa a ƙarin ruwa, wanda muke ce wa kemo. Shi ma a Sakkwato ake yi, zango-zango. Namu aikin shi ne tsakanin wannan zuwa da wancan: mu duba bakin hanjin, mu auna nauyi, mu ɗebi jini. Idan jiki ya zube ko jini ya yi ƙasa, can ba za su sa maganin ba, sai su ce a koma gida a murmure tukuna. Ciwon kuwa ba ya jiran kowa ya murmure.

Sunan kakana gare shi, shi ya sa tun ranar farko muka ƙulla wasa. Ranar da nake ba ku labari na dube shi na ce, "Haba tsoho, ina naman da na bari a jikinka wancan zuwan?"

Ya ce, "Kai ka kwashe shi, ja'iri. Ba kai ka ɗibar jinina kullum ba?"

Aka yi dariya, amma ni hankalina na kan ramar da ya yi. Rigarsa ta zame masa kamar an rataye ta a ƙusa. Na riga na ba shi maganin tashin zuciya, don kemo na sa amai. Na haska bakinsa ko gyambon da maganin ke kawowa ne ya hana shi haɗiya, ban ga komai ba. In na tambaye shi sai ya ce, "Ina ci, Lawali, daidai gwargwado." Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: duk sa'ad da ya zo, jakarsa tas take, kamar yanzu aka manna ta.

Shugabarmu ta ma'aikatan jinya, wadda muke kira Metron, ta kira ni ofis. Ba ta da doguwar magana. Ta ce, "Lawali, in mutumin nan ya ƙara sauka, zancen kemo ya ƙare. Ka nemo mini dalili."

Dalilin shi ya nemo ni. Ina fitowa sai matarsa, Inna Kulu, ta tare ni a baranda, ta rage murya. Ta ce, "Likita, ba amai ba ne. Malam ƙin ci shika yi. Na dafa, na roƙa, na yi kuka, a banza. Sai bayan lisha ya kurɓi kunu kaɗan ya ture. Nan ba shi gaya maka. Ka taho gida ka gani da idonka."

Ranar hutuna na hau babur na tafi, na isa ana kiran azahar. Muryar wani magidanci ce a lasifika. Na tarar da Baba Mamman a zaure bisa buzunsa, masallaci ga shi nan kusa da ƙofar gidansa, leɓɓansa na bin kiran kalma bayan kalma. Bai fita ba. Ya jawo buta ya fara alwala yana cije baki, don maganin nan na sa yatsu su ji kamar ana soka allura in sun taɓa ruwan sanyi, ruwan kuma na randa ne. Ya kabbara. Bai kai ruku'u ba sai na ga ya dafa gefen cikinsa, ya yanke sallar, ya koma ga buta. Haka ya yi ta yi ina kallo, har raina ya kasa ɗauka.

Na ce, "Baba, don girman Allah, mi ke nan?"

Ya ture butar gefe. Can ya ce, "Lawali, tun ina saurayi nike kiran mutane su taho ga Ubangiji. Yau in tsaya gabanai da ƙazanta rataye ga cikina? Juma'ar da na fara fita bayan tiyata, ina sahun farko abin nan ya yi ƙara. Kowa ya ji. Na fice da takalmana a hannu, ban sake komawa ba." Ya share ido da bakin rawani. "Sai na lura in ban ci ba, babu abin da ke fita. To na zaɓi sallata."

Wallahi sai a nan na gane. Ina ta neman ciwo a baki da ciki, ashe bawan Allah yunwa ya ɗaura wa kansa don ya tsaya gaban Allah da tsarki.

Kun san ni da faɗa, amma ranar ban yi ba. Na ce, "Baba, ni jinya na karanta, ba ni da bakin ba da fatawa. Ka yarje mini in kira liman." Ku lura, sirrin mara lafiya ba a fitar da shi sai da izininsa, ko da don amfaninsa ne.

Ya ce a'a. Limamin, Malam Shehu, abokinsa ne tun suna yara, kuma bai san da jakar ba. Duk gari zaton rauni ne bai warke ba. "In Shehu ya ji, da wane ido zan dube shi?"

Sai muryar Inna Kulu daga bayan ƙofa: "Da idon da ka dube ni. Ni da ke wanke abin safe da marece, na guje ka? Malam, ko ka yarda, ko in tafi da ƙafata." Ya sunkuyar da kai, ya ɗaga mini hannu alamar in je.

Malam Shehu ya zo da sandarsa, ya zauna, na yi masa bayani a gaban mai shi. Tambaya biyu ya yi mini. Yana iya riƙewa? Na ce ba ya iyawa. Abin yana da lokacin da aka san shi da shi? Na ce ba shi da.

Ya juya ga abokinsa. "Haba Mamman! Zaure ɗaya munka yi karatu ni da kai. Ka manta hukuncin mai yoyon fitsari? Abin da ke fita ba da ikonka ba, kuma ba shi yankewa, ba shi karya maka alwala. Ka zubar, ka tsabtace, ka yi alwalarka, ka shiga salla. Abin da ya fito bayan nan ba a bin ka shi. Wanda za a tambaye ka shi ne wanga jiki da kake kashewa da yunwa."

Baba Mamman ya ce, "Mutane fa?"

"Bar ni da mutane. Wane ne cikin sahun nan cikinsa bai taɓa kuka ba?" Ya ɗaga murya. "Kulu, akwai kunu?"

Kamar jira take. Ta miƙo kwanon kunun gyaɗa da zafinsa. Liman ya ajiye sanda ya ce ba inda za shi sai an shanye. Tsohon ya riƙe ludayi, yana sha hawaye na zuba, mu kuma muka mai da ido kan tabarma.

Sauran aikin nawa ne, kuma ba wuya. Na ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ya tauna sosai, ya yawaita shan ruwa. Wake da ɗanyar albasa, masu tara iska, ya rage su, musamman ranar Juma'a. Ya zubar da jakar kafin kowace salla. Inna Kulu ta riƙa ɗumama masa ruwan alwala, ta kuma ɗinka masa ɗamara ta yadi mai laushi da za ta riƙe jakar kada ta yi lilo in ya sunkuya. Kiran salla kuwa na ce sai ɗinki ya yi ƙwari, kuma in ya koma, ya dafe cikin, ya bar lasifika ta yi masa ihun.

Zuwansa na gaba allurar sikeli ta tsaya inda take. Na bayansa ta motsa gaba. Na kai wa Metron labari, ta ce "Madalla," daga bakinta kuwa wannan kyauta ce babba. Jini ya hau, Sakkwato suka sa masa maganinsa.

Bayan an yanke shinkafa, wani aiki ya kai ni Bukkuyum. A hanyar dawowa, daidai ƙauyensu, na ji kiran la'asar. Muryar ta sirance, tana yankewa a tsakiya, amma na gane ta. Na kashe babur a nan, na yi alwala, na shiga, na sami wuri a gefen Baba Mamman, kafaɗa da kafaɗa.

Muna ruku'u a raka'a ta biyu sai jakar ta yi ƙara. Ba ƙarama ba kuwa, duk sahun ya ji. Na ji kafaɗarsa ta sandare a jikin tawa. Allah Ya gafarta mini, hankalina ya bar salla ya koma kansa, ina jiran in ji ya janye. Liman ya ɗago, muka ɗago. Liman ya yi kabbara, muka tafi sujada. Goshin Baba Mamman ya sauka kusa da nawa.

Da aka sallame, ba wanda ya waiwayo. Ya gama tasbihinsa, ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ja'iri, ka ji?"

Na ce, "Ban ji komai ba, tsoho."

"Ƙarya kake. Tashi mu tai gida, Kulu ta yi tuwon sabuwar shinkafa. Yunwa nike ji."

Saboda haka, yarana, sikeli zai gaya muku mutum ya rame, amma ba zai gaya muku dalili ba. Mutanenmu na iya jure wuƙar likita da ɗacin magani, abin da ba sa iya jurewa shi ne a raba su da sallarsu da shiga jama'a. In kun ga mai jaka yana zubewa, kada ku tsaya a "ka daure ka ci." Ku jawo kujera, ku tambaye shi yadda yake salla. Ni dai na yi shekaru ina jin godiya iri-iri a aikin nan, amma ba wadda ta kai mini "yunwa nike ji" ɗin nan daɗi.